Cutar Parkinson matsalar netwok ce a ƙwaƙwalwa, kuma wayarka na da aikin yi

Duk wanda yake Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa a watan Satumban 2021 ya san abin da ake kira rashin sabis. A lokacin ne aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga. Wayoyinmu lafiyarsu ƙalau, ga caji ga kati, amma saƙo ba ya fita. Da wannan misali nake so mu kalli cutar Parkinson, wadda ake cewa cutar karkarwa. A garuruwanmu, idan hannun dattijo ya fara rawa, tafiyarsa ta koma jan ƙafa, sai a ce tsufa ne, ko sammu, ko iska. Ni ina ganin mu masu riƙe da waya mu ya kamata mu fara gane ta, domin mun san yadda netwok yake lalacewa.

Ƙwaƙwalwar mutum na da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kullum cikin aika wa juna saƙo suke. Kafin ka ɗaga kofin shayi, sai saƙo ya taso daga saman ƙwaƙwalwa, ya bi ta wasu cibiyoyi da ke can cikin tsakiyarta, ya dawo, sannan ya sauka zuwa hannu. Cibiyoyin nan su ke tantance motsin da za a bari ya wuce da wanda za a tsayar, kuma da wani sinadari mai suna dofamin suke aiki. A cutar Parkinson, ƙwayoyin da ke samar da dofamin ne ke mutuwa sannu a hankali, shekaru kafin kowa ya lura.

Sai dai akwai bambanci da abin da ya same mu a 2021. A ƙwaƙwalwar mai cutar layin bai katse ba, cunkushewa ya yi. Idan dofamin ya ragu, ƙwayoyin da ya kamata kowace ta kai nata saƙon sai su koma bugawa tare a lokaci guda, sau 13 zuwa 30 a sakan ɗaya. Ka ɗauka gurup ne na WhatsApp da kowa ke turo saƙo iri ɗaya ba ƙaƙƙautawa: sanarwa mai muhimmanci sai ta nutse. Bincike ya nuna cewa ƙarfin wannan bugun na tafiya tare da nauyin jiki da sandarewar gaɓoɓi, kuma yana raguwa idan an sha magani. Shi ya sa hoton MRI na yau da kullum kan fito kamar babu komai. Yadda sassan ke magana da juna ne ya canja. Likita kan gane cutar ne ta hanyar duba motsin mutum da jin tarihinsa, hanyar da ta faro tun daga likitan Landan James Parkinson, wanda ya fara bayyana ta a 1817.

A nan wayarka ta shigo. Mai fama da karkarwa daga Sabuwa ko Faskari, kafin ya ga likitan jijiyoyi sai ya kai asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko na Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ga tsadar mota ga fargabar hanya. Kuma alamun cutar na hawa da sauka a yini guda. Don haka, da izinin Baba ko Inna, ɗauki gajeren bidiyo: hannunsu a ajiye kan cinya, sannan suna haɗa babban yatsa da manuni da sauri, sannan suna tafiya su juyo. Ka rubuta ranar da lokacin. Ka lura ko rubutunsu ya ƙanƙance, ko sun daina jin ƙamshi, ko bayan gida na yi musu wuya, ko suna naushi da ihu cikin barci. Likita za ka nuna wa. Ba abin ɗorawa a TikTok ba ne, mutuncin iyayenmu ya fi ƙarfin neman mabiya.

Na biyu, saita ƙararrawar waya don shan magani. Babban maganin cutar shi ne lebodofa, wanda ƙwaƙwalwa ke mayarwa dofamin. Ba ya warkarwa, amma yana dawo wa mutane da yawa da motsinsu, kuma ƙarfinsa na sauka bayan 'yan awanni, saboda haka lokaci na da muhimmanci. Kada a tsayar da shi farat ɗaya ba da sanin likita ba.

Na uku shi ya fi burge ni. Lokacin rashin sabis, mutane sun riƙa tafiya wani gari don su yi waya. Ƙwaƙwalwa ma tana da hanyar zagaye. Mai cutar da ƙafarsa ta kafe a bakin ƙofa, sau da yawa idan ya ji sauti mai bugawa daidai-daidai, ko ya ga layi a ƙasa da zai tsallaka, sai ƙafar ta saki, domin saƙon ya bi wata hanyar da ba ta dogara sosai da cibiyoyin da suka cunkushe ba. Manhajar da ke buga irin wannan sauti, wadda makaɗa ke amfani da ita, kyauta ce a Play Store. A gwada ta da wani a kusa saboda faɗuwa.

Wani zai ce ai ƙasashen waje sun wuce nan. Gaskiya ne. A Amurka tun 2002 aka amince da dasa siririyar wayar lantarki cikin ƙwaƙwalwa don wannan cuta, a 2025 kuma aka amince da samfurin da ke sauraron wancan bugun ya daidaita kansa. Amma manomin Faskari ba wannan ce buƙatarsa ta farko ba. Buƙatarsa a gane cutar da wuri, a samu magani na gaskiya ba yankewa. Kuma ka kiyayi masu tallan maganin "warkewa cikin sati biyu" a Facebook. Har yau babu maganin da ke kawar da cutar baki ɗaya, kuma ba kowace karkarwa ce Parkinson ba, don wasu magunguna da cutar maƙoƙo ma na iya kawo ta. Waya ba ta yanke hukunci, shaida kawai take tarawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 8.5 ne ke da cutar a 2019. Ta kama Muhammad Ali, aka tabbatar masa da ita a 1984, ya rayu da ita har 2016. Idan akwai dattijo a gidanku da hannunsa ya fara rawa, ka nemi izininsa yau, ka ɗauki bidiyon farko, ku shirya ganin likita.