Libarbar da aka ce "an gyara ta"

Bara da sanyi, bayan sallar isha'i, wani yaron unguwarmu a nan Gwammaja, ɗan sintiri, ya ja ni gefe daga majalisa. "Yaya, kai ne ka yi boko, karanta mini abin da aka rubuta a nan." Ya warware tsumma, sai ga libarba, tsohuwa, ta sha hannu har baƙinta ya koɗe. Na haska fitilar waya. A jikin bututun akwai lambar girman harsashin da aka ƙera ta dominsa. Amma bakin ramukan da harsashi ke zama yana sheƙin sabon ƙarfe, inda kuma lambar shaidarta ya kamata ta kasance, an bi da magagari an goge tas. Wanda ya sayar masa ya ce an gyara ta ne, yanzu tana cin harsashin da ake samu. Na ce ya naɗe abarsa, ko da wasa kada ya taɓa kunamarta.

Mu Kanawa gyara a jininmu yake. Shiga Kofar Ruwa ka ga yadda ake tayar da injin da masu shi suka fid da rai, kuma ina alfahari da haka. Sai dai janareta idan gyaransa bai yi ba, tari zai yi ya mutu, ka kunna aci-balbal. A cikin bututun bindiga kuwa wuta ce ke tashi a kulle, kaurin ƙarfen an auna shi ne daidai da ƙarfin harsashi iri ɗaya tak. Wanda ya faɗaɗa ramin ya rage kaurin, ya kuma bar tsohon rubutun yana faɗin abin da ba shi ne ba. Mai saye na biyu da na uku rubutun za su gaskata. Ranar da ƙarfen ya gaji, yatsu da idon mai harbin ne mafi kusa da shi.

Turawa sun sha wannan kafin mu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an kwashe tsofaffin libarbobin Webley na sojan Ingila, masu cin harsashin .455, an sayar a Amurka bayan an aske su don su ci .45 ACP, wanda ya fi ƙarfin abin da aka gina su dominsa. Har yau masana bindiga a can suna gargaɗi a kansu. Libarbar da Lee Harvey Oswald ya kashe ɗan sanda da ita a Dalas a 1963 ma sauya mata mazaunin harsashi aka yi. Da yake bututun ya ɗan yi wa sabon harsashin yawa, masanin FBI ya kasa tabbatar da cewa harsasan da aka ciro daga gawar daga cikinta suka fito, sai da kwansunan da aka tsinta aka kama zaren. To idan Amurka ta sha wuya, ina ga ɗan sandanmu mai bincike a Bompai da aka miƙa wa ƙarfen da ba lamba?

A Ingila tun 1813 akwai gidan gwajin bindigogi a Bamingam. Bindigar da aka taɓa mazaunin harsashinta, tambarinta na gwaji ya faɗi, laifi ne a sayar da ita sai an sake gwada ta. Mu dokarmu ta makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba a sahun makaman da sai da lasisin shugaban ƙasa, ta kuma hana gyaran bindiga ba da izini ba. Ban ce a sassauta ba, ni ba na son ganin fistol a lungunmu ko da sabuwa ce dal. Abin da ke damuna shi ne dokar ta san kamu, ba ta san hanyar fita ba. Yaron nan idan ya nufi ofishin 'yan sanda da tsummansa, ya san inda zai kwana. Idan kuma ta fashe masa, ga Asibitin Ƙashi na Dala a bakin ƙofarmu, amma wurin mai ɗori zai ɓuya, ya ce injin markaɗe ne.

A 2023 rundunar 'yan sandan Kano ta karɓi makamai daga 'yan dabar da suka tuba, kowa ya gani. Me zai hana cibiyar nan ta ƙasa mai kula da ƙananan makamai, wadda aka kafa a 2021, ta haɗa kai da masu unguwanni a ware makonni a shekara, mutum ya kai irin wannan ƙarfe a rubuta, a lalata, ya koma gidansa? A ce da mai unguwarmu na da wannan iko, da hannuna zan raka yaron a daren.

Bayan mako biyu na tambaye shi. Ya ce ya mayar wa mai ita, an yanke masa wani abu a kuɗin, kuma ya ji har wani mai gadin shago ya saye ta.