A Koya wa 'Yan Makaranta Kula da Lafiyar Hankalinsu

Daga Wakilinmu na Arewa, Kaduna

A cikin watan Mayu na 2025 hukumar JAMB ta fito fili ta amsa cewa kuskuren na'ura ya ɓata sakamakon jarrabawar ɗalibai kusan 380,000 a Ikko da jihohin Kudu maso Gabas. An sake jarrabawa, magana ta wuce. Amma kafin a gano kuskuren, yara da yawa sun kwana suna kuka, wasu sun ƙi abinci, suna ganin rayuwarsu ta ƙare. Wa ya taɓa koya musu yadda ake ɗaukar irin wannan nauyi?

A makarantunmu ana koya wa yaro wanke hannu da yanke farce, ana faɗa masa yadda sauro ke kawo zazzaɓi. Amma da wuya ya ji cewa baƙin cikin da ya wuce mako biyu, tare da rashin barci da guje wa abokai, ciwo ne mai magani. A gida kuwa sai a ce iskoki ne, ko sammu, ko taurin kai. Yaron da bai sami wanda zai saurare shi ba, shi ne ke neman sauƙi wurin ƙwaya. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma hana kwalba ba ya cire damuwar da ta kai yaro gare ta.

Ba doka muka rasa ba. Tun 1977 Manufar Ilmi ta Ƙasa ta ce a sa malamai masu ba da shawara a makarantun sakandare. A watan Janairu na 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Sai dai likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne, ga jama'a sama da miliyan 200. Asibitocin Yaba da Aro da Kaduna da Kware ba za su iya bin kowace makaranta ba. Malamin aji shi ke ganin yaro kullum, don haka shi ya kamata a fara horarwa.

Darasin ba mai tsada ba ne. A koya wa ɗalibi alamun ciwon, da amfanin barci da motsa jiki, da wanda zai tunkara in abu ya dame shi, da cewa kada ya rufe sirrin abokin da ya ambaci kashe kansa. A sa iyaye a ciki. Farfesa Adeoye Lambo ya nuna a Aro tun 1954 cewa mara lafiya ya fi saurin warkewa in danginsa na tare da shi.

To, 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabo ta Badun, yaranku na karatu cikin harsuna biyu ko uku, ku kuma kuna kasuwa tun asuba. In an kira taron iyaye da malamai ku je, ku tambayi shugaban makaranta: wane ne malamin ba da shawara, yaushe yake ganin yara? Addu'a ba ta hana neman magani. Rigakafi kuwa, an ce, ya fi magani.