Abin da Reggie Jackson ya ƙi ɓoyewa a Rickwood

A ranar 20 ga Yunin 2024, kwana biyu bayan rasuwar Willie Mays, tashar Fox ta zauna da Reggie Jackson, tsohon gwarzon wasan besbol na Amurka, a filin Rickwood na Birmingham. An zaci kirarin zamanin da zai yi, sai ya fasa ƙwai. Ya ce a 1967, lokacin da yake buga wa ƙungiyar garin, ana hana shi abinci da masauki saboda baƙar fatarsa kawai, har kocinsa Johnny McNamara kan ce in ba za a ba shi ba, kowa ma ya haƙura.

A gida, daga Warra har Kano, irin wannan bayani ne ya yi ƙaranci. Waƙa ce ke adana ɗan dambe, kamar yadda Ɗan Anace ya yi wa Shago, waƙa kuwa ba ta ƙidaya karayar hannu, balle tsufan da babu fansho. Hatta 'yan Super Eagles da suka ci kofin Afirka a 1994, da yawansu sai 2021 aka amince a ba su gidajen da aka yi musu alkawari. Rashidi Yekini ya rasu tun 2012.