ZAUREN MAI GIDA: Inda Baƙin Mai Ya Ɗiga Ba Nan Ne Ƙofar Yoyo Ba

A wannan wata zancenmu a kan mota ne, gama ko wanda ba shi da ita yana da rabo cikin motar ekklesiya. Ita ce ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ke kai mata taron zumunta, kuma da baikonmu ake gyaranta.

Cikin hunturun da ya wuce, tsohuwar motar ekklesiyarmu ta fara barin baƙin tabo a ƙasa duk inda ta kwana. Kowace tafiya daga Roni zuwa Kazaure sai an ƙara mata mai. Aka kai ta wurin wani bakanike, ya leƙa ƙarƙashi, ya ga mai yana ɗiga daidai mahaɗar inji da giyabos, ya ce sil na bayan inji ne ya mutu, sai an sauke giyabos. Kuɗin da ya yanka ya kusa na buhun gero uku. Dattawa suka yi shiru, gama asusu ba shi da nauyi.

Sai wani dattijo, wanda ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota, ya tashi ya ce, "'Yan'uwa, da damina in soro yana yoyo, inda ruwa ya ɗiga a ɗaki nan ne ramin yake? Ai ruwa yakan bi azara ya yi tafiya kafin ya sauko. Ku ba ni kwana biyu."

Ga abin da ya yi a gabanmu, mun kuwa rubuta domin amfanin kowa.

Da fari ya shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin motar, ta kwana a kai. Da safe aka duba launin abin da ya ɗiga, domin ba kowane ɗigo ne baƙin mai ba. Man inji da ya yi aiki baƙi ne. Man giya yana da kauri da wari mai ƙarfi. Man giyar motar da ke canja giya da kanta yawanci ja ne. Man birki ba shi da kauri, launinsa fatsi-fatsi, in kuwa shi ne ke zuba, kada motar ta motsa sai an gyara. Namu dai baƙin mai ne.

Na biyu, ya wanke injin bayan ya huce. Ƙurar hanyoyin Gwiwa da yashin Babura sukan haɗu da mai su zama dauɗa mai kauri wadda ke rufe kome, har mutum ba ya iya bambanta tsohon yoyo da sabo. Ya ɗaure kayan wuta da leda kada ruwa ya shiga, ya goge dauɗar da tsumma da ɗan kananzir, nesa da wuta, ya bi da ruwan sabulu, ya bar injin ya bushe sarai.

Na uku, ya karɓo hodar jarirai daga wata uwargida, ya barbaɗa a jikin injin ta kowane gefe har ya yi fari. Ya ta da motar, ya bar ta tana aiki a tsaye kamar minti 15, sa'an nan ya kashe, ya ɗauki tocila.

"Daga sama za mu fara," in ji shi. Dalili kuwa shi ne, mai yakan gangara ƙasa, iskar tafiya da ta fanka kuma su kora shi baya. Saboda haka kusan kowane yoyo a bayan inji yake taruwa ya ɗiga. Wuri mafi tsayi da aka tarar da jiƙa, nan ne tushen.

Ba a daɗe ba sai ga wani siririn baƙin layi cikin farar hodar. Muka bi shi da ido, ya hau, ya hau, har ya tsaya a kusurwar baya ta murfin saman inji. Gaskit ɗin murfin ne ya bushe ya tsage saboda zafi da tsufa. Aka sayo sabo a Kazaure da ɗan kuɗi kaɗan, aka sa cikin sa'a guda, yoyo ya tsaya. Ba mu ce bakaniken nan macuci ne ba. Ya dubi inda aka faɗi ne, bai dubi inda aka yi tuntuɓe ba.

Ko tsohuwar Peugeot ce irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ko Toyota ce ta zamanin nan, wuraren dubawa kusan ɗaya ne. A bi su daga sama zuwa ƙasa:

1. Murfin da ake zuba mai, ko robarsa ta lalace.
2. Gaskit na murfin saman inji.
3. Ɗan makunnin fitilar mai da ke jikin inji. Ƙarami ne, amma in ya tsage yakan zubar da mai sosai sa'ad da inji ke aiki.
4. Filtar mai. In yoyo ya fara bayan juye, a duba nan tukuna. Wani lokaci ba a ɗaure ta daidai ba, ko tsohuwar roba ta manne aka ɗora sabuwa a kanta.
5. Notin juye da wasarsa, da gaskit na tukunyar mai ta ƙasa.
6. Sil na gaba da na baya. Kada a yarda da wannan hukunci sai an ga duk sauran wuraren a bushe.

Akwai abu biyu da ke haddasa yoyo ko da gaskit yana da kyau. Ɗaya shi ne cika mai ya wuce alamar sama ta sandar awo. Ɗayan kuma toshewar bututun numfashin inji, gama iskar da ta rasa mafita takan tura mai ta fitar da shi ta wuri mafi rauni. In ba a buɗe bututun ba, sabon gaskit ma ba zai daɗe ba. Waɗansu manyan gareji suna zuba wani rini cikin mai, wanda ke haskawa in an dalla masa fitila ta musamman, amma hoda da haƙuri suna yin aikin.

Mu yi hankali da rayukanmu kuma. Kada a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. A tuɓe babbar riga kafin a sunkuya kusa da fanka da bel. Tsohon mai kada a zubar kusa da rijiya ko inda yara ke wasa. Kafin doguwar tafiya, kamar zuwa Kano, a auna mai a wuri mai daidai, inji a kashe. In jar fitilar mai ta kama a hanya, a tsaya nan take a kashe inji, gama inji marar mai yakan buga cikin 'yan mintoci, kuɗin gyaransa kuwa ya fi ƙarfin yawancin ekklesiyoyinmu.

A hanyar komawa gida mun yi ta tunani a kan wannan. Sau da yawa yaro yakan zo makaranta da faɗa da taurin kai, mu kama shi da horo, ashe tushen yana gida, wataƙila yunwa ce, wataƙila iyaye ne ba sa magana da juna. Haka mai gida da uwargida sukan yi cacar baki a kan gishirin miya, alhali kuwa wata magana ce ta bara da ba a gafarta ba. Ruwa ba ya tsami banza. Mu roƙi Ubangiji ya ba mu haƙurin wanke dauɗa tukuna, mu bi sawu har tushe, kafin mu yanke wa ɗan'uwa hukunci.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Alherin Allah ya kasance tare da gidajenku duka.