Ra'ayinmu: Zumunta A Ƙafa Take

Duk shekara, da zarar an fara rarraba wuraren aiki, sai ka ga waɗanda suka gama karatu suna ta kai da kawowa a ofisoshi, suna neman hanyar da za a bar su a birni. In aka ce da mutum an tura shi Gagarawa, ko Sule Tankarkar, ko wani ƙauye na ƙasar Gumel, sai ya ɓata rai kamar an yanke masa hukunci. To, a kan wannan ne muke so mu jawo hankalin 'yan'uwa zuwa ga wani abin koyi daga masu aikin mishan na Kirista.

A farkon mulkin Turawa ba a yarda 'yan mishan su yi wa'azi a cikin ƙasashen sarakunan Arewa yadda suke so ba. Ƙofar da ta buɗe musu ita ce ta jinya. A 1937 ƙungiyar SIM ta karɓi kula da kutare a lardunan Kano, Katsina da Sakkwato, watau mutanen da har danginsu ke ƙyamar cin abinci tare da su. A 1943 ta buɗe Asibitin Ido na Kano, sa'an nan a 1950 ta kafa asibiti a Galmi, wani ƙauye a ƙasar Nijar. Abu na farko da suka yi kuwa shi ne koyon Hausa, domin su ji ciwon mutum daga bakinsa.

Haka kuma a wajen Maraɗi, wani ma'aikacin SIM ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura a 1983 cewa kututturan da manoma ke sarewa suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya bi su gona gona, yana nuna musu yadda za su rage tohon su bar masu ƙarfi su girma. Ta wannan hanya miliyoyin itatuwa suka dawo a gonakin kudancin Nijar. Da a ofis ya zauna, da bai ga kututturen ba.

Ba mu manta cewa manufar 'yan mishan ita ce yaɗa addininsu ba, kuma mun tsaya a kan cewa bai halatta a mai da magani ko abinci tarkon kama mai rauni ba. Amma gaskiya ita ce, sun je inda talaka yake, sun zauna da shi, sun daɗe. Musulmi da Kirista duka addininsu ya umurce su da duba maras lafiya da ciyar da mayunwaci.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta shirya fita ƙauyuka a lokacin hutu: masu karatun likita su taimaka wajen rigakafi, masu karatun dabbobi su leƙa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, sauran kuwa su koyar da yaƙi da jahilci. Wanda aka tura Gagarawa Tasha kuma, ya ɗauki akwatinsa ya tafi. Da gumin manoman can aka biya kuɗin karatunmu, lalle kuwa suna bin mu bashi.