Wa zai ce wa ɗan caca dare ya yi?

Duk wanda ya san majalisun karta na da a Maiduguri, irin waɗanda ake shimfiɗa wa tabarma a inuwar dogonyaro, ya san cewa ba 'yan wasan ne ke tashin majalisar ba. Kiran sallar magariba ne ke tashinta, ko duhu, ko ƙarewar canjin da ke aljihu, ko kuma wanda ya ci ya miƙe ya ce iyali na jiransa. A shekarun da rikici ya tsananta, dokar hana fita ta karɓi wannan aiki, ta riƙa kora kowa gida tun da sauran haske. Ko da zuciya ba ta so, akwai abin da zai zo daga waje ya raba mutum da karta.

Yau teburin ya koma cikin waya, kuma waya ba ta san magariba ba. Birnin da aka yanke wa layukan sadarwa na tsawon watanni bayan ayyana dokar ta-ɓaci a watan Mayun 2013, yanzu kowane ɗaki a cikinsa na iya zama gidan caca da ba a rufewa. Idan wasannin Turai sun ƙare, akwai ƙwallon da kwamfuta ke bugawa, wadda ake gamawa cikin 'yan mintoci a sake sabuwa. Idan kuɗin da aka zuba sun ƙare, asusun albashi na cikin wayar, manhajar bashi ma na kusa da shi. Ma'aikacin tarayya da aka turo Maiduguri ya bar iyali a Abuja ko Jos ko Kano shi ne ya fi kowa zama a tsakiyar wannan tarko: dare mai tsawo, ɗaki babu kowa, ga albashi ya shigo.

Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya a jeri ɗaya, kuma Borno na cikin jihohi 12 da suka ƙaddamar da Shari'a a farkon shekarun 2000. Wanda ya ji ya bari ya huta. Amma wa'azi bai taɓa kwashe kowa da kowa daga tebur ba, kuma waɗanda suka rage suna da 'ya'ya da kuɗin makaranta kamar kowa. Su ne abin dubawa a nan.

Ƙwararrun 'yan wasan foka na Amurka da Turai, masu cin abinci da karta, sun daɗe suna tattauna lokacin da ya kamata a tashi, kuma matsayarsu ta saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mutum. A wurinsu, ko ka ci ko an cinye ka a daren nan ba shi ne ma'auni ba, domin karta ba ta tuna abin da ya faru awa ɗaya da ta wuce. Abin da suke dubawa shi ne ko gajiya ta kama su, ko fushi ya fara yanke musu shawara, ko waɗanda suka rage a teburin sun fi su iyawa. Da ɗaya daga cikin ukun ya tabbata, sai su tattara. Da yawansu ma tun kafin su zauna suke yanke adadin da idan ya tafi za su tashi, don sun san mutumin da aka cinye ba shi ne mutumin da ya shigo ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun auna wannan sauyi. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna a 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai daidai da ita, kuma mutumin da ke cikin asara ya fi saurin jefa kansa cikin kasada don ya tsira. A 1990 Richard Thaler da Eric Johnson suka ƙara da abu biyu da duk ɗan caca zai gane: wanda ya ci yakan ɗauki ribar kamar ba kuɗinsa ba ce, ya yi wasa da ita ba tsoro, wanda aka cinye kuma yakan rungumi duk wata caca da ta yi masa alkawarin mayar da uwar kuɗi. Ke nan ci na zaunar da mutum, asara ma na zaunar da shi. “Bari in mayar da nawa kawai” ita ce jimlar da ta fi cinye albashi.

Sai dai akwai bambancin da masu tallar caca ba sa so a lura da shi. Ɗan foka da mutane irinsa yake karawa, gidan na cire la'adarsa ne kawai, don haka wanda ya fi iyawa na iya fita da riba. Mai cacar ƙwallo kuwa da kamfani yake karawa, kuma kamfanin ya riga ya cusa rabonsa cikin farashin kowane wasa. A ɗauka, don misali, rabon nan kashi 5 ne cikin 100. Wanda ya haɗa wasanni 10 a tikiti ɗaya ya ninka shi sau 10, ta yadda a bisa lissafi abin da zai dawo masa daga kowace naira 1,000, idan aka daɗe ana yi, bai wuce naira 600 ba. Mai kukan cewa wasa ɗaya ne ya yanke masa tikiti bai san cewa haka aka tsara tikitin ya riƙa yankewa ba. A irin wannan tebur babu daren da zama ya fi tashi riba.

Tunda mutum ba ya iya sallamar kansa a tsakiyar wasa, dole a mayar da abin da zai tashe shi daga waje. A nan ne maganar ta shafi masu riƙe da takardun gwamnati. A ranar 22 ga Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005, ta ce ikon tsara harkar na jihohi ne, Majalisar Tarayya kuma iyakarta Abuja. Kafin nan da wata guda, Hukumar Hisbah ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama. Rufe shago na da ma'anarsa, amma kwaɗo a ƙofar shago ba ya kulle waya. Hasali ma a shago akwai idon jama'a, akwai kunya, akwai lokacin da mai shago zai kashe janareto. Wanda aka kora daga can zuwa ɗakinsa ya rasa duka ukun.

Birtaniya, wadda ba ta haramta caca ba, ta kama wata hanya. A 2020 ta hana yin caca da katin bashi, ta kuma tilasta wa kamfanonin intanet shiga tsarin GAMSTOP, inda mutum zai yi rajista sau ɗaya a toshe shi daga dukkansu na tsawon lokacin da ya zaɓa. Bankin Monzo ya fito da maɓallin hana tura kuɗi gidajen caca tun 2018, kuma wanda ya kunna shi ba zai iya kashewa ba sai ya jira awa 48. Jiran shi ne maganin, domin zafin mayar da asara ba kasafai yake kwana biyu ba.

Maɓalli irin wannan ba ya jiran hukuncin kowace kotu, kuma ba ya buƙatar majalisar Borno ta yarda cewa caca halal ce. Babban Bankin Nijeriya na iya umartar bankuna da manhajojin kuɗi su samar da shi, kamar yadda ya tilasta musu lambar BVN. Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ma na da dalilin shiga maganar, tunda Dokokin Aikin Gwamnati sun sanya nutsewa cikin bashi mai zubar da mutunci a jerin manyan laifuka. A halin yanzu ofis ba ya jin labari sai ranar da masu bin bashi suka fara aika saƙo zuwa lambobin abokan aiki, ko aka nemi kuɗin tafiyar aiki da aka ba wani ajiya ya fara kame-kame.