Ra'ayi: Intabiyun da hadda ba ta cin sa

Kowace shekara, ɗaliban kimiyyar kwamfuta, injiniyanci, lissafi da tattalin arziki daga jami'o'in Arewa suna shiga sahun masu neman gurbin horon sanin makamar aiki a manyan kamfanonin ba da shawara irin su KPMG, PwC, Deloitte da EY, waɗanda ke da ofisoshi a Legas da Abuja. Wasu sukan tsallake jarrabawar farko da ake yi ta intanet, a kira su intabiyu. A nan tafiyar wasunsu ke tsayawa, duk da kyawun sakamakonsu.

Dalili kuwa shi ne, da dama daga cikin irin waɗannan kamfanoni suna amfani da wani salon intabiyu da makarantu ba su cika koyarwa ba. Ana ajiye wa ɗalibi matsalar wani kamfani ko wata ma'aikata, a ba shi kamar minti 30 zuwa 45, a ce ya warware ta da baki, mai tambayar yana sauraren yadda yake tunani. Salon yana da dangantaka da tsarin koyarwa na makarantar kasuwanci ta Jami'ar Harvard a Amurka, wadda tun shekarun 1920 take koyar da ɗalibai ta hanyar nazarin matsalolin kamfanoni na gaske.

Yadda tambayar take zuwa

A ce mai tambaya ya kawo wannan misali: wani dillalin kayan masarufi a Kasuwar Singa da ke Kano yana da rassa 20. Kaya suna ɓacewa tsakanin sito da shaguna, har yanzu kuma a littafi ake rubuta komai. Yana son a haɗa masa manhaja. Wace shawara za a ba shi?

Ɗalibin da ya shigo da hadda zai fara jero sunaye: ƙirƙirarriyar basira, rumbun bayanai na intanet, manhajar waya. Ya faɗi abin da ya karanta, amma bai taɓa matsalar Alhajin ba.

Wanda ya shirya kuwa, tambaya zai fara yi. Asarar nawa ake yi a wata? A ina kayan ke ɓacewa, a sito, a mota ko a kanti? Su wa za su riƙa shigar da bayanan, kuma sun saba da waya ko kwamfuta? Yaya wuta da sabis suke a rassan? Daga nan sai ya nemi minti ɗaya, ya raba matsalar gida-gida a takarda: kuɗi, ma'aikata, na'ura, da haɗarin da ke tattare da sauyin.

Sai lissafi. A ce asarar naira miliyan 5 ce a wata, wato miliyan 60 a shekara. Kafa tsarin zai ci miliyan 40, kula da shi kuma miliyan 10 duk shekara. Idan ya rage asarar da rabi, an ceto miliyan 30. A cire 10 na kulawa, saura 20. Ke nan cikin shekara biyu dillalin zai mayar da kuɗinsa.

Lissafin bai wuce na sakandare ba. Wahalarsa ita ce yin sa a gaban baƙo, da murya a sarari, ba tare da an ruɗe a kan sifili ba.

Akwai kuma abin da lamba ba ta nunawa. Idan wasu ma'aikata suna cin moriyar ɓacewar kayan, za su yi wa sabon tsarin zagon ƙasa. Idan sabis yana ɗaukewa, dole manhajar ta iya aiki ba intanet, ta tura bayanai daga baya. Sayen manhajar da ake da ita a kasuwa zai iya fin gina sabuwa sauƙi. Idan kuma za a tattara sunaye da lambobin wayar abokan ciniki, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shigo ciki. Ɗalibin da ya ce a fara gwaji a rassa biyu kafin a kai ga sauran 18 ya nuna ya san darajar kuɗin mutane.

Inda kunya ke cutarwa

Bahaushe ya tashi da tarbiyyar da ta hana shi katse babba, ko yawan tambayarsa, ko nuna masa kuskure. Tarbiyya ce mai kyau a gida da majalisa. A ɗakin wannan intabiyu kuwa, shiru yana nufin babu abin da za a ba wa maki. Mai tambayar yakan riƙe wasu bayanai da gangan, yana jiran a nema. Wani lokaci ma yakan ƙalubalanci amsar da take daidai don ya ga ko ɗalibin zai kare ta da hujja ko zai janye nan take. Matambayi ba ya ɓata, kuma ana iya yin tambaya da musu cikin ladabi.

Haka nan salon magana. An saba a fara da doguwar shimfiɗa kafin a kai ga manufa. Masu ba da shawara suna juya abin: amsa a gaba, hujjoji a baya. Barbara Minto, wadda ta yi aiki a McKinsey, ita ta shahara da tsara wannan salo a littafinta The Pyramid Principle. A misalin Singa, kammalawar ba ta wuce jimla uku ko huɗu ba: a sayi manhaja, a gwada a rassa biyu, kuɗin zai dawo cikin shekara biyu, babban haɗari kuma daga ma'aikata yake.

Sai dai ɗalibin Arewa yana da jarin da bai cika lura da shi ba. Wanda ya taɓa zama a shagon mahaifinsa a Kantin Kwari, ko ya ga yadda ake cinikin hatsi a Dawanau, ya san riba, bashi da jinkirin kaya a aikace. Wanda ya ga yadda ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya tura masu shayi da 'yan tireda karɓar tiransifa, ya ga yadda fasaha ke shiga kasuwa da kuma inda take tuntuɓe. Abin da ya rage shi ne koyon tsara wannan sani da faɗinsa da Turanci mai sauƙi.

Shiri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan intabiyu ƙwarewa ce irin ta tuƙi, karatu kaɗai ba ya samar da ita. Hanya mafi inganci ita ce abokai biyu su riƙa zama, ɗaya mai tambaya ɗaya mai amsa, da agogo a gabansu, sannan su yi musanya. Manyan kamfanonin irin su McKinsey, BCG da Deloitte suna wallafa misalan tambayoyi a shafukansu kyauta, kuma waya ta isa a karanta su. Ɗaukar muryar kai a saurara yana tona inda ake kwana-kwana. Minti goma na lissafin ka a kullum, musamman kaso cikin ɗari da manyan lambobi, yana rage fargaba. Tun da intabiyun kan kasance ta bidiyo, tanadin caji, data da wuri mai shiru yana cikin shirin.

Amma bai kamata a bar wa ɗalibi nauyin shi kaɗai ba. Tun shekarun 1970 Najeriya ke da shirin SIWES na tura ɗalibai wuraren aiki, kuma a 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT don horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha. Koyon rubuta manhaja abu ne mai kyau, amma kamfanonin ba da shawara suna neman wanda zai iya gane ko manhajar ce ma ake bukata.

Ya dace jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello, da kwalejojin fasaha, su kafa zaman atisayen irin wannan intabiyu a sassansu, ko da sau ɗaya a mako. Ba ya bukatar sabon gini ko kasafi mai nauyi: aji ɗaya, malami ɗaya, da tsofaffin ɗalibai da ke aiki a fannin waɗanda za su iya shigowa ta bidiyo. Su ma tsofaffin ɗaliban akwai hakki a kansu, domin awa guda a wata daga gare su za ta iya sauya makomar wani.

Waɗannan kamfanoni suna cikin masu ba bankuna, ma'aikatu da gwamnatoci shawara kan tsarin da miliyoyin mutane za su yi amfani da shi. Idan babu wanda ya san Singa da Dawanau a teburin, za a ci gaba da tsara manhajojin da ba su san ana ɗauke wuta ba. Ƙofar shiga teburin nan kuwa ita ce wannan zama na minti 40.